Gurasar Da Ba Ta Tashi

Tunda na dawo daga Jidda ba ni da sakat. Duk wadda ta shigo yi mini barka da sauka, kafin ta tofar da ƙwallon dabinon da na ba ta sai ta jefo tambaya: "Wai Balaraba, ya aka yi kika ce mako biyu za ki yi, kika share bakwai? Kuma ya aka yi wadda kika je ɗaukowa ta riga ki isowa?" Bakina ya gaji da maimaici. Ga shi nan na zauna na rubuta, kowa ta karanta ta ƙyale ni in ji da tanderuna.

Ga wadda ba ta san ni ba, gurasa nake yi a Jakara, gadon uwa da kaka. Shekara ashirin da ɗoriya hannuna yana shiga tanderu yana fita. Ba yabon kai ba, in ana zancen fulawa a unguwarmu ba a tsallake ƙofata. Ku riƙe wannan, domin shi ya kai ni ya baro.

Idon Innarmu ne yake tafiya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya rage masa sauri. Inna kuwa ƙanwa ɗaya gare ta a duniya, Yafendo Hansai, wadda ta bi mijinta aikin Hajji tun ina tatata, ba ta sake taka Kano ba. Suna gaisawa a waya, har da mai hoto, amma wata safiya Inna ta ture wayar ta ce, "Ni wannan gilashin ya ishe ni. Ki je ki taho min da Hansai, in gan ta da ɗan sauran idon da ya rage." Ɗan Yafendo, Abdul'aziz, haifaffen can, shi ya aiko mini da bizar ziyara.

Na yi shiri irin na mai dabara. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, kilishi, duk na ɗura a jaka, domin a lissafina wadda ta yi shekara arba'in cikin Larabawa, da ta shaƙi ƙanshin daddawa za ta fashe da kuka ta haɗa kayanta. Na kuma jefa ƙullin yis ɗina, don mai gurasa ba ta tafiya ba shi.

A jirgi Allah Ya haɗa ni da wata Hajiya 'yar kasuwa, wadda Jidda ta zame mata kamar kasuwar Kwari. Da ta ga ina ta karanta addu'a ina damƙe hannun kujera, sai ta ce, "Kwantar da hankalinki. Larabcin da kike buƙata kalma biyu ne. In sun ce yalla, ki yi gaba. In sun ce halas, an gama, kar ki ƙara magana. Da su nake zirga-zirga shekara da shekaru."

Ba ta gaya mini abin da zan yi in na'ura ta ƙi ni ba. A wajen duba fasfo aka ce in ɗora yatsuna a kan wani gilashi mai koren haske. Na ɗora, shiru. Ma'aikacin ya goge gilashin, ya ba ni abu na goge hannu, na sake, shiru. Ya kira abokin aikinsa, suka juya tafin hannuna suna kallo kamar masu duba. Ashe tanderu ya cinye zanen yatsuna tas, ban sani ba, don a Jakara ba wanda ya taɓa tambayata shi. Layi ya taru a bayana, gumi ya karyo mini. Da na rasa abin yi sai na kwaikwayi yadda ake manna gurasa a bangon tanderu, ina cewa, "Gurasa! Wuta!" Ɗayan ya tuntsire da dariya ya ce wa ɗan'uwansa wani abu. A ƙarshe ƙaramin yatsana na hagu, wanda bai taɓa tsinana mini komai ba, shi na'urar ta karɓa. Mai binciken kaya kuma da ya kwance ledar daddawa bai nemi bayani ba. Ya ɗaure ta da sauri, ya kau da kai ya ce, "Yalla, yalla!" Na yi gaba.

Abdul'aziz na jirana a waje cikin farar jallabiya. "Ahlan, Yaya Balaraba! Kef hanya? Ummi tun subhi tana matbakh, wato kicin, ta ce ba za ta zauna ba sai kin zo." Hausarsa haka take, sai ka riƙa tsince ta daga cikin Larabci kamar mai tsintar shinkafa.

A unguwar Safa suke, hawa na huɗu. Gida ne mai kyau, ba ƙarya, amma ba tsakar gida, ba zaure, ba ko kazar maƙwabta da za ta shigo ta ɓata maka rai. Ƙofofi duk a rufe, sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa. Mako bakwai na yi ban san sunan matar da ke ƙofar da ke kallon tamu ba. Ranar farko na gaishe ta a lif, na'urar hawa bene, na tambayi maigida da yara da gajiya, sai na ga ta ƙara rungume jakarta. Abinci kuwa shinkafa da rago, gobe shinkafa da kaza, da safe wake da aka dama da wata faffaɗar gurasa da suke kira tamis. Shayi a kofin da bai fi murfin kwalba ba.

Yafendo Hansai Inna ce sak, sai dai an rage tsawo. Muka rungume juna muka sha kuka. Da hawaye ya lafa na buɗe jakata da alfahari. Ta ɗauki daddawar ta shinshina ta ce, "Sannu da ɗawainiya. Akwai ta a nan ma, 'yan Nijar ke kawowa, tasu ta fi wannan ƙarfi." Dabarata ta farko ke nan ta mutu a tsaye. Na isar da saƙon Inna, ta kalli bango ta ce, "In sha Allahu." Bayan kwana biyu muka je Makka na yi Umra, na roƙi Allah Ya karkato da zuciyarta, muka dawo na sake tuntuɓa. Ta sake kallon bangon nan.

Ranar Alhamis da hantsi na same ta a kicin tana kwaɓi. Na tsaya ina kallo da idon sana'a. Fulawa, gishiri, ɗan mai, cokali biyu na kindirmo, ruwa mai ɗumi. Ta murza ta murza har ya yi santsi, ta rufe da ƙyalle, ta tafi sallar walaha. Ba ta sa yis ba.

Tausayi ya kama ni. Na ce a raina, wayyo, tsufa ya fara taɓa ta. A gidanmu macen da kwaɓinta ya ƙi tashi ba ta fita tsakar gida ranar. Kuma, Allah Ya yafe mini, har da ɗan murna na yi, don na sami hujjar da zan nuna wa Abdul'aziz cewa uwarsa na buƙatar dangi kusa. Na ɗauko yis ɗina na jiƙa da sukari, na cusa a kwaɓin na sake murzawa, na mayar da ƙyallen yadda yake. A ganina na rufa mata asiri.

Ta idar da salla, waya ta riƙe ta kusan awa guda. Zafin kicin ɗin Jidda kuwa ba ya wasa. Kafin ta dawo kwaɓin ya ɗaga ƙyalle, ya leƙo ta bakin kwano.

"La haula! Wa ya taɓa min kwaɓi?"

"Ni ce, Yafendo. Mantuwa kika yi, na gyara miki."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Lallai ke 'yar Yaya ce. Ita ma tun muna yara ba ta ganin tukunyar wani a kan wuta ta wuce. Wannan ba gurasarku ba ce, gozleme ce, ta Turkawa. Ba ta tashi. In ta tashi ta lalace."

Karambanin akuya, gai da kura. Na koma gefe, ta sake sabon kwaɓi. Da ya huta rabin awa ta yanka shi curi-curi kamar ƙwan agwagwa, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu a ƙarƙashin wani gajeren teburi mai da'ira. Ta ɗauko sanda siririya, doguwa, ba ta kai kaurin muciya ba. Ta naɗe kwaɓin a jikin sandar, ta tura da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe, ta warware, ta juya, ta barbaɗa gari ta sake. Kafin in ƙifta ido curin nan ya zama faifai guda, shara-shara kamar mayafi. Ta zuba yankakken alayyafo da albasa da farin cuku a rabi, ta rufe da ɗaya rabin, ta danne baki. Kaskonta kamar an kife shi, bayansa ne a sama, kuma ko ɗigon mai ba ta zuba ba. Sai da ta yi ɗige-ɗigen ja ta juya, sannan ta shafe ta da man shanu. Na ɗanɗana. Na so in sami abin kushewa, ban samu ba.

Guda goma ta yi, ta naɗe a tawul, Abdul'aziz ya ɗauke mu a mota muka nufi kudancin gari. A hanya muka wuce wani fili fetal, ba gini ba bishiya. Abdul'aziz ya nuna da haɓa ya ce, "Karantina, unguwarmu ta da. Hina aka haife ni, wajen can." Na duba ban ga komai ba sai ƙasa. Yafendo ɗaya tagar take kallo.

A Waziriyya muka tsaya, unguwa mai ɗan rai, da shaguna da hayaniya. A wani ɗaki a hawa na ɗaya muka sami wata farar tsohuwa a kan katifa, hannunta na rawa. Ita ce Hala Nuriyya, Baturkiya, matar wani wanzami da ya zo Hajji ya zauna. Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninta da Yafendo a Karantina, har ta iya Hausa irin tata. Ta yagi gefen gozleme ɗaya ta sa a baki, ta lumshe ido ta ce, "Hansai, hannu naki har yanzu." Daga nan suka buɗe hira, wa ya mutu, wa ya koma ina, 'yar wa aka saki, har la'asar. Yafendon da ba ta cika magana a Safa ba, ita ce har da tafa hannu.

Da muka koma gida ta daina kallon bango, ta gaya mini gaskiya. Shekarar da mijinta ya rasu, Abdul'aziz na goye, iƙamarta, wato takardar zama, ta ƙare, ko ƙofar gida ba ta iya fita. Nuriyya ce kullum take miƙo mata gozleme ta kan katanga, shekara guda cur, daga baya ta koya mata. Ranar da aka rushe unguwar, ana loda kaya kowa zai kama gabansa, Yafendo ta rantse mata cewa muddin tana numfashi Alhamis ba za ta wuce ba ta kai mata ba.

"Hannunta ya daina murzawa. 'Yarta aiki take zuwa, ta kanti take sayo mata, kamar fatar takalmi. Ina son ganin Yaya, Allah Ya sani. Amma in na tafi wa zai yi mata?"

Na ce, "Ni."

Ta yi dariya har da tari. "Ke da yis ɗinki?" Da ta ga ba wasa nake ba sai ta ce, "To. Ranar da kika murza, na ɗaga a taga na ga yatsuna biyar ta ciki, ranar zan haɗa kaya."

Na ɗauka aikin kwana biyu ne. Mako uku na yi. Na farko da na murza ya fito kamar tsumman da akuya ta tauna. Na biyu ya manne wa sanda. In gefe ya yi siriri, tsakiya ta yi tudu, in na bi tsakiya, gefe ya yage. Rannan da ta juya baya na tsiyaya mai a kasko don abin ya yi armashi, ya fito wainar fulawa. Ina da shekara arba'in da biyar, da jika, tsohuwa tana ƙwanƙwasa mini sanda a wuyan hannu. "Hannun gurasa mari ya iya," in ji ta. "Wannan lallashi take so." Bayana ya riƙe, gwiwoyina suka yi tsami. Abdul'aziz ya ci ɓatattun har ya fara cewa ya ƙoshi tun daga bakin ƙofa.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai wayar Inna ce. "Balaraba, yau ban gane Sani ba sai da ya yi magana." Sani ƙanena ne, a gidan yake kwana yake tashi. Bayan kwana huɗu kuma, "Yanzu bakin rijiya ma dishi-dishi nake gani. Kuna tafe kuwa?" Duk faifan da ya yage a hannuna sai in ji kamar kwana guda na yaga daga idonta. Ranar nan na kifa kai a kan teburin na yi kuka sosai. Yafendo ta share garin da ya manne mini a goshi, ta miƙo mini wani curin.

Alhamis ta huɗu ta ɗaga nawa a taga, ta buɗe hannu a bayansa. Yatsu biyar, har da zobenta. Ta ce, "Halas." Na tuna da Hajiyar jirgi, ban ƙara magana ba. Abdul'aziz ya yi mata takardar fita da dawowa, ranar Asabar muka raka ta filin jirgi. Ni da aka aika in ɗauko mutum, ni aka bari gadin sanda da kasko.

Sani ne ya riƙe waya na ga haɗuwarsu. Inna ta jawo Yafendo bakin ƙofa inda haske yake, ta kama fuskarta da hannu biyu, ta matso da ita har hancinsu ya kusa haɗuwa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Hansai, kin tsufa." Yafendo ta ce, "Ke fa, yarinya?" Kwana biyu ba a yi ba suka fara faɗa a kan wata tasar uwarsu da ta ɓata tun kafin a haife ni. Na yi farin ciki, na kuma ji kishi, ba zan ɓoye ba.

Alhamis ta biyar na kai wa Hala Nuriyya goma, ta yagi gefe ta ce, "Kyau, binti." Ta shida ma haka. Na yi sallama na sauko, sai na tuna na bar tawul ɗin Yafendo. Ina hawowa na tarar da ita a bakin ƙofa, tana miƙa wa maƙwabciyarta, wata Bayamaniya, tiren gaba ɗaya. Tara cif, da guda mai yagaggen gefe.

Muka kalli juna. Ta ce, "Binti, zo zauna."

Na zauna, raina a ɓace.

"Shekara biyu likita ya ce fulawa mamnu, an hana. Sukari. Haƙori ma babu, duba."

"To Hala, don me ba ki gaya mata ba? Kin san abin da ya hana ta zuwa ganin yayarta ke nan?"

Ta girgiza kai. "Wannan ban sani ba sai da kika zo. Wallahi ban sani ba. Amma ke ba ki ga Hansai ba ranar da aka rushe Karantina. Kwana uku babu magana. A Safa ƙofa rufe, ba ta san kowa. In babu Alhamis, me za ta jira?" Ta kama hannuna. "Ke mama naki ido yana tafiya, kina nan kina murza min abin da ba na ci. Yalla, tafi gida. Ki ce wa Hansai wannan wata ina azumin Alhamis. Sauran magana kar ki faɗa."

Na rasa ko dariya zan yi ko ihu. Tsofaffi biyu, kowace tana ganin ita ke riƙe da 'yar'uwarta, ni kuma a tsakiya da ciwon baya. Ban sami kujerar jirgi ba sai bayan kwana tara, don haka na yi Alhamis ta bakwai. A ranar mu uku muka zauna, har da Bayamaniyar, wadda ta tauna tawa a tsanake ta sa Hala ta fassara mini cewa gishiri ya yi kaɗan, ta Hansai ta fi. Ai tana da gaskiyar magana, shekara biyu ita ke ci.

Na iso gida da azahar. Inna na zaune a tabarma a tsakar gida, na durƙusa a gabanta na gaishe ta. Ta amsa da fara'a, amma fuskarta na kallon gefen kafaɗata. Ta lalubo kumatuna ta ce, "Kin yi ƙiba, shinkafar Larabawa ta karɓe ki." Sani ya gaya mini a zaure cewa kusan mako biyu ta yi tana ganin Yafendo, daga nan abin ya rufe, yanzu sai haske da duhu kawai, kuma ba ta yarda a faɗa. Ta ga ƙanwarta, abin da aka aike ni ke nan, kuma na yi. Ni ce ba ta sake gani ba. Wannan ya yi mini ciwo, har yau yana yi.

Yafendo za ta koma wata mai kamawa, ta ce azumin Nuriyya ya kusa ƙarewa. Ban ce mata komai ba, ku ma da kuka karanta ku riƙe bakinku.

Kwana uku da dawowata Inna ta ce sai na yi mata abin da ya riƙe ni mako bakwai. Da ma na taho da sanda. Na kife kasko a kan gawayi, na juya akushi na shimfiɗa faranti, na zauna a tsakar gida na murza. Ban taɓa yin wanda ya kai shi ba. Yafendo na gefe tana ba Inna labarin sharaɗin da ta kafa mini, na taga da yatsu biyar.

Inna ta ce, "Ba ni nan in gani. Ni ba a yi min maguɗi."

Na ɗora mata a hannu. Ta ɗaga shi sama saitin rana, ta buɗe yatsunta a baya. Daga inda nake zaune ina ganin su ɗaya bayan ɗaya, har da lallen farcenta. Ta juya shi, ta matso da shi, ta nisanta.

"Bai yi ba," ta ce. "Ko yatsa ɗaya ban gani ba. Mako bakwai, abin da kika koyo ke nan?"

Na dubi Yafendo, Yafendo ta dube ni. Ta sa gefen mayafi ta goge ido, ta gyara murya.

"Gaskiyarki, Yaya, da sauran kauri. Balaraba, sake."

Na karɓa, na dunƙule shi, na barbaɗa gari, na ɗauki sanda.